Gyambon da ke bayan Inna ba tsufa ba ne

Wasiƙar wannan makon ta zo daga wata baiwar Allah a Jidda. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni haifaffiyar Makka ce, aure ya kawo ni Jidda. Innarmu ta haura shekara 80. A goye aka shigo da ita ƙasar nan ta Saudiyya ta hanyar Sudan, kuma da tallan gyaɗa da suyar ƙosai ta raine mu, mu biyar, bayan rasuwar babanmu. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga. Wata bakwai ina jinyarta a ɗakina, hawa na uku, ga aiki ga yara, har bayana ya riƙe. Sai babban wanmu ya samo wani gida da ake ajiye tsofaffi ana biya duk wata, shi ne ke biya. Yau wata huɗu ke nan. Ranar Juma'a da na je sauya mata riga, na ga gyambo a ƙasan bayanta, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, yana ruwa. Zanin gadon a jiƙe. Duk sanda na je barci take yi, ita da ba ta san barcin rana ba. A wuyan hannunta mai lafiyar akwai shatin ɗauri. Wata mai aiki ta raɗa mini cewa da dare ita kaɗai ce a kan tsofaffi goma sha ɗaya, kuma da kwaɗo ake rufe ƙofar waje a tafi da mabuɗin. Na gaya wa Yaya, ya ce tsufa ne, kada in jawo mana magana, mu masu iƙama ne, wato baƙi masu takardar izinin zama. Dangi kuma sun riga sun ce mun yar da uwarmu, har na rage zuwa don kada a gan ni a ƙofar wurin. Hajiya, ina da alhaki? Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Zan zo kan maganar alhaki, amma akwai abin da ya riga ta gaggawa. Gyambon nan likita yake nema, yau ko gobe. Kada ki jira wata Juma'ar.

Abin da kika gani shi ake kira gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe guda, nauyin jikinsa yakan danne fata da tsoka a kan ƙashi, jini ya kasa ratsawa, wurin ya fara mutuwa daga ciki. Cikin 'yan awanni ɓarnar ke farawa. Mai lafiya ko yana barci yana juyi bai sani ba, shi kuwa wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai an juya shi. Shi ya sa masu jinya ke juya mai kwanciya kusan duk awa biyu, dare da rana, kuma ba a barin fitsari ya kwana a jikinsa, don danshi yana tausasa fata har ta saɓule. Ban musa ba, tsufa da suga da ƙarancin cin abinci suna sa fata saurin lalacewa, kuma ko a inda ake kula sosai akan samu. Amma gyambo mai wannan girma, ga shimfiɗa a jiƙe, kuma babu wanda ya ɗaga waya ya sanar da ku sai da kika gani da idonki, wannan sakaci ne. Wata bakwai tana hannunki, a lokacin ma tsohuwa ce mai suga, ba ki ce mini ta yi gyambo ba.

Haɗarinsa shi ne yakan ci ya kai ƙashi, ko ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shiga jini, kuma mai suga ba ya saurin warkewa. Idan kin je kin ji jikinta da zafi, ko wurin yana wari ko mugunya, ko ya yi baƙi, ko kin tashe ta ta kasa gane ki, kada ki tsaya neman iznin kowa, ki kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997. Idan ba a kai nan ba, ki ɗauke ta da kanki ki kai ta asibiti a duba. Kada ki barbaɗa masa hoda ko toka ko wani garin magani, kada kuma a murza wurin. Lambar ma'aikatar lafiya 937 tana amsawa dare da rana, kuma ana iya haɗa ki da likita ya ba ki shawara kafin ki isa.

Ni ma na san wannan ciwon a gidana. Shekara uku na yi jinyar surukata, Allah ya jiƙanta. An ce mini in riƙa duba inda ya yi ja, na yi ta dubawa ban ga ja ba. Ashe a fatarmu ba ja yake yi ba. Wata safiya ina shafa mata mai, na kama dunduniyarta ta hagu, sai na ji ta fi ta dama ɗumi, ta yi tauri kamar ɗanyen dankali, launin ya ɗan fi na kewaye duhu da sheƙi. Ta janye ƙafar da na taɓa. Kwana biyu wurin ya fashe. Tun daga ranar na koyi dubawa da hannu, a wajen haske: ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, kwatangwalo, ƙasan baya, idon sawu, dunduniya. Na koyi sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓarta don dunduniya ta tashi daga katifa, da ninka zani a ƙarƙashinta mu kama mu biyu mu juya ta, maimakon jan ta a kan shimfiɗa. Da farko na ɗaure juyin da lokutan salla, sai na ga tsakanin Asuba da Azahar ya haura awa shida, dole na manna takarda a bango ina rubuta lokacin kowane juyi. Wurin da ke karɓar kuɗi don jinya ya kamata a ce yana da irin wannan takarda ga kowane mai kwanciya. Ki ce a nuna miki ta Inna. In babu, kin samu amsarki.

Barcin nan ma ya tsaya mini a rai. Tsohuwar da ba ta barcin rana ta koma kullum a kwance ido rufe, akwai dalili. Yana iya zama sugarta ce ke faɗuwa, musamman in ana ba ta magani ko allura alhali ba ta ci sosai ba. Yana iya zama ƙarancin ruwa, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an riƙa miƙa masa, ga shi zafin ƙasar nan kin san shi. Ciwon mafitsara ma yakan zo wa tsofaffi da rikicewa da kasala ba tare da sun yi kukan komai ba. Yana kuma iya zama ana ba ta maganin sa barci don ta yi shiru. Ba na zargin kowa da abin da ban gani ba, amma haƙƙinki ne ki san duk ƙwayar da ke shiga cikin mahaifiyarki, da sunanta, da likitan da ya rubuta ta, da lokacin da ake ba ta. Ki tattara magungunan gaba ɗaya a leda ki tafi da su asibiti. Kada ki yanke mata wani da kanki, akwai waɗanda tsayar da su farat ɗaya ke da illa.

Ki kuma je lokacin cin abinci ki zauna ki kalla. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya takan yi masa wuya, in aka ba shi abinci yana kwance, ko aka ɗura masa da sauri, sai ya ƙware abincin ya bi ta huhu, daga nan sai ciwon huhu. A zaunar da ita tsaye, a ba ta kaɗan kaɗan, a bar ta a zaune kamar rabin awa bayan ta gama. In kin ji tana tari duk sanda ta sha ruwa, ki gaya wa likita a duba haɗiyarta.

Shatin da kika gani a hannunta ya sa ni hawaye. Hannu ɗaya ya rage mata, da shi take sosa jiki, da shi take jan carbi, da shi za ta ɗaga ta kira wani. Akan ce don kada ta faɗo ne ko ta cire robar jinya da aka sa mata a jiki. To ɗaurin kansa yana jawo rauni da firgici da ƙarin gyambo, kuma ko a asibiti ba a yin sa sai da umarnin likita, na ɗan lokaci, ana dubawa. Wanda ake tsoron faɗuwarsa sauke masa gado ake yi ƙasa, a bar fitila, a sa mai leƙa shi. Amma ina roƙonki kada ki huce a kan wannan mai aikin. Da yawa daga cikinmu, ko iyayenmu, mun yi aikatau a ƙasar nan, mun san yadda ake ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku. Ki lissafa da kanki: tsofaffi goma sha ɗaya, juyi duk awa biyu, sauya kunzugu, ba da ruwa, mace ɗaya har gari ya waye. Ba zai yiwu ba ko da ita waliyyiya ce. Laifin na mai wurin ne da ya ƙi ɗaukar ma'aikata. Ita kuwa da ta raɗa miki gaskiya ta yi kasada da abincinta, don haka ko da wasa kada sunanta ya fito daga bakinki.

Ƙofar da ake rufewa da kwaɗo ita kaɗai ta isa ta sa a ɗauke Inna daga wurin. A gobara hayaƙi ne ke fara kashe mutane, cikin mintoci. Gida cike da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke aiki dare da rana, tagogi da ƙarafa, tsofaffin da ba sa iya tashi, mabuɗi yana aljihun wanda ya tafi gida ya kwanta. Ko an kira 911 ko Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, a 998, sai sun fasa ƙofa kafin su kai ga kowa. Idan tsoron mai gigin tsufa ya fice ne ya sa ake rufewa, akwai ƙofofin da ake buɗewa daga ciki da ƙararrawa a jiki. Kwaɗo daga waje ba shi da uzuri.

Ki tambayi mai wurin lasisinsa, cikin ladabi, ki ce kina so ki gani. Gidan kula da tsofaffi yana ƙarƙashin Wizaratul Mawaridil Bashariyya, wato ma'aikatar ƙwadago da ci gaban al'umma. Wurin da ke jinyar marasa lafiya kuwa izninsa daga ma'aikatar lafiya yake fitowa, sannan ga takardar Difa'ul Madani ta kariya daga gobara. Mai takarda a bango yake rataye ta. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce ai mu 'yan'uwa ne ba sai an yi haka ba, ki san inda kika kai uwarki.

Yanzu tsoron da Yayanku ya faɗa, na cewa ku masu iƙama ne. Na fahimce shi, kowa a cikinmu ya tashi da wannan tsoron na kada a yi abin da zai kai ga hukuma. Bari in gaya miki abin da ke rubuce. A farkon 2022 aka fitar da dokar haƙƙoƙin tsofaffi da kula da su. Ta ce tsoho yana da haƙƙin zama cikin iyalinsa, ba a kai shi gidan kula sai da yardarsa, ko da hukuncin kotu, ko in rayuwarsa na cikin haɗari, kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya da tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000 ga wanda ya ci amanar tsohon da ke hannunsa. Sai dai wannan dokar ta fassara tsoho da ɗan ƙasa mai shekara 60 zuwa sama, kuma gidajen kula na gwamnati ma 'yan ƙasa suke karɓa. Wadda ta fi shafar Inna ita ce dokar kariya daga cutarwa ta 2013. Ita "mutum" ta ce, kuma ta lissafa sakaci wajen biyan buƙatun wanda ke ƙarƙashin kulawarka a cikin cutarwa. Ana kai rahoto a 1919, kuma dokar ta hana bayyana wanda ya kai rahoton ba da yardarsa ba, sai a inda ƙa'ida ta keɓe. Tunda iƙamarku na da rai, wanda ya kamata gabansa ya faɗi shi ne mai ɗaure tsofaffi yana kulle su, in ma ba shi da lasisi to laifinsa biyu. Ra'ayina, ki fara fitar da Inna, ki karɓi rahoton likita a rubuce, sannan ki kira. Akwai sauran iyayen mutane goma a bayan wannan kwaɗon, wataƙila wasu ba su da mai zuwa ko ranar Juma'ar.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Ki ɗauki hoton gyambon kaɗai, ki rufe sauran jikinta, don likita da hukuma. Kada ki tura shi zauren WhatsApp na dangi, kada ki sa sunan wurin a TikTok ko Facebook. Al'aurar mahaifiyarki ce, sannan dokar laifukan intanet ta ƙasar nan tana hukunta ɓata suna da yaɗa hoton mutane, sai mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma. Iƙamarta da wayarta da 'yan kunnenta kuma su dawo hannunku tun yau.

Shi Yaya kada ki tare shi da faɗa. Mutumin da ke cire kuɗi duk wata yana ganin ya sauke nauyi, da wuya ya yarda cewa kuɗinsa ne ke biyan wahalar uwarsa. Wannan "tsufa ne" da ya ce, ina jin tsoro ne da kunya suka faɗa, ba rashin ƙauna ba. Ki ce masa, "Yaya, don Allah zo ka kai mu asibiti, ba zan iya ɗaga Inna ni kaɗai ba." Ki bar likita ya yi masa bayani da bakinsa. Gani ya kori ji. In ya ƙi zuwa, ki nemi kawunku ko wani dattijon da yake jin nauyinsa. In duk ya faskara, ki tafi da mijinki. Kai uwa asibiti ba ya buƙatar sa hannun wa.

To, alhaki. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 23, idan ɗayansu ko dukansu biyu suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu ko "tir". A wurinka, in ji ayar, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni a ganina babu inda ya fi wa tsohuwa kamar cikin jikokinta, tana jin Hausa a kunnenta, tana jin ƙamshin miyar kuka. Amma Allahn da ya faɗi haka shi ya ce a ƙarshen Baƙara ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Kin yi wata bakwai ke kaɗai har bayanki ya riƙe. Ku biyar ta haifa. Ina sauran ukun? Hidimar uwa ba a kan 'ya mace kaɗai take ba, kuma waɗanda ke cewa kun yar da ita, wa ya zo ya kwana da ita ko dare ɗaya a cikinsu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ga alhaki a kanki don kin gaji kin nemi taimako ba.

Inda nake jin tsoro a kanki shi ne wannan rage zuwan. Kin bar bakin mutane ya raba ki da ita, alhali idonki ne kariyarta. Duk mai jinya ya sani, marar lafiyar da danginsa ke faɗowa ba sanarwa, yau da safe, gobe bayan Isha'i, suna ɗaga bargo suna tambaya, ba a yi masa yadda ake yi wa wanda ba a leƙawa. Da kina zuwa kullum, da tun yana ɗan tabo kika gan shi. Ban faɗi wannan don in ƙara miki ciwo ba, abin da ya wuce Allah ya yafe mana. Daga yau dai, duk wanda zai gan ki a ƙofar ya gan ki.

Bayan asibiti, ku zauna ku biyar ku yi lissafi da alƙalami. Kuɗin da Yaya ke biya duk wata, in kowa ya ɗora abin da zai iya, ku duba ko zai kama ɗaki a hawa na ƙasa kusa da ɗayanku, da mai jinya ta halal da takardunta, da gadon asibiti da katifar iska. A raba kwanaki, maza ma su karɓi nasu, ko da ɗagawa ne da kai ta ganin likita. A asibiti ki nemi ofishin akhisa'i ijtima'i, wato jami'an walwalar jama'a, aikinsu ne nuna wa iyali hanyar samun kayan jinya da ƙungiyoyin agaji. Idan kuma likita ya ce jikinta na buƙatar wurin jinya na dindindin, ku nemi mai lasisi, ku je ba sanarwa kafin ku biya ko riyal ɗaya, ku shaƙi iskar ɗakunan, ku duba banɗaki ko akwai abin kamawa, ku tambayi mutum nawa ke kwana a kan mutum nawa, ku murɗa ƙofar fita da hannunku.

A cikin wasiƙarki kin gaya mini abin da Yaya ya ce da abin da dangi suka ce, ba ki gaya mini abin da Inna ta ce ba. Shanyewar jiki takan nauyaya harshe alhali hankali na nan daram. Sau da yawa ma tsoho in ciwo ya kama shi, harshen da ya sha a nono yake komawa, ta yiwu tana ta roƙon ruwa da Hausa babu mai ji. Ki zauna daidai fuskarta ta ɓangaren da ke da lafiya, ki riƙe wannan hannun, ki tambaye ta a hankali, "Inna, kina so mu tafi gida?" In magana ta gagara, ki ce ta matse hannunki. Ki tambaye ta ko ana taimaka mata ta yi taimama, ko an juya gadonta ta fuskanci alƙibla, don matar da ta yi shekara 80 a ƙasar nan tana salla, rashin wannan na iya fi mata gyambon ciwo.

Gobe in Allah ya kai mu ki yi sammako. Ki tafi da zani mai tsabta, da leda ta zuba magunguna, da kunun gyaɗa mai ɗan kauri. Kafin ku fita ki duba dunduniyoyinta duka biyun. Ki rubuto mini abin da likita ya ce, kuma ki gaishe mini da ita.